Daga ma'ajiyar giyar inabi zuwa makarantar girki: Yadda hayaƙi, ruwa da nauyi ke tsara cikin tsohon gini

A shekarar 1993 kamfanin Heublein ya sayar da wani katafaren ginin dutse da ke garin St. Helena, a kwarin Napa na jihar Kalifoniya ta Amurka, a kan dala miliyan 1.68. An ƙiyasta darajar ginin a wancan lokaci da kimanin dala miliyan 14, wato kamfanin ya rabu da shi a kan abin da bai fi kashi ɗaya cikin goma da 'yan kai ba. Wadda ta saya makarantar koyon girki ce, Culinary Institute of America, wadda ake taƙaita sunanta da CIA, kodayake babu abin da ya haɗa ta da hukumar leƙen asirin da ke amsa wannan suna. Kafin ta karɓi ɗalibai a watan Agustan 1995, sai da makarantar ta kashe kimanin dala miliyan 15 wajen gyara.

Kuɗin gyaran ya ninka kuɗin sayen kusan sau tara. Duk wanda ke son ya gane yadda ake mayar da tsohon gini makarantar girki, daga wannan tazara ya kamata ya fara. Baƙon da ya shiga ginin, wanda ake kira Greystone, bangon dutse zai gani da manyan katakan rufi da jerin murhuna. Amma abubuwan da suka yanke hukuncin inda kowane ɗaki zai zauna, galibinsu ido ba ya kai wa gare su: hanyar da hayaƙi zai bi ya fita, hanyar da ruwan wanke-wanke zai gangara, nauyin da bene zai iya ɗauka, da abin da zai faru da bangon idan ƙasa ta motsa. Mai zayyana cikin irin wannan gini yana zaɓen launi da tayil ne a ƙarshe, bayan waɗannan sun gama cin rabonsu na fili da na kuɗi.

Ginin da aka yi domin sanyi da duhu

An kammala Greystone a 1889. William Bourn, attajirin da iyalinsa suka yi arziki da haƙar zinariya, shi da abokin kasuwancinsa Everett Wise ne suka gina shi, kuma manufarsu tana da ƙamshin siyasar tattalin arziki. A wancan zamani dillalan San Francisco ne ke yanke wa manoman inabi na Napa farashi, saboda manomin da ba shi da wurin ajiya dole ya sayar a lokacin da kaya suka yi yawa a kasuwa. Sai aka tsara Greystone ya zama ma'ajiya ta haɗin gwiwa, inda manomi zai ajiye giyar inabinsa, ya karɓi rance a kanta, ya jira farashi ya tashi. Shirin bai yi tsawon rai ba. Ƙwaron da ke cin saiwar inabi ya lalata gonakin yankin, kuma a 1894 ginin ya koma hannun Charles Carpy, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar dillalan da aka yi ginin domin a karya ƙarfinsu.

Daga nan ya yi ta canza hannu, ya ratsa shekarun haramcin giya a Amurka daga 1920 zuwa 1933, har ƙungiyar malaman Katolika ta Christian Brothers ta saye shi a 1950, tana amfani da ribar sana'ar wajen tafiyar da makarantunta. An sanya shi cikin kundin wuraren tarihi na ƙasar a 1978. A 1989 ƙungiyar ta sayar wa Heublein da kasuwancin baki ɗaya, kuma a ranar 17 ga Oktoban shekarar girgizar ƙasa ta Loma Prieta ta afka wa arewacin Kalifoniya, ta yi wa ginin lahani. Abin da ya sa ya yi araha ke nan.

George Percy da Frederick Hamilton, waɗanda suka zana ginin, sun yi shi ne domin kayan da ba sa son zafi ko haske. Tsawonsa ya kai mita 120, hawa uku ne, kuma kaurin bangonsa ya haura rabin mita, an yi shi da dutsen tokar aman wuta da aka haƙo a yankin. Irin wannan bango yana shanye zafin rana a hankali, ya sake shi cikin dare, kamar yadda tsohon soron ƙasa ke yin sanyi da tsakar rana. Makarantar girki kuwa wuta ce da tururi da ruwa daga safe zuwa dare, ga ɗaruruwan mutane masu buƙatar iska da haske da ƙofar gudu. Da wuya a sami amfani biyu da suka saɓa wa juna kamar waɗannan.

Hayaƙi ne ke fara zaɓen wuri

Babban kicin ɗin koyarwa na Greystone, mai faɗin kusan murabba'in mita 1,400, yana hawa na uku ne, a ƙarƙashin rufi. A kallon farko wannan kamar ganganci ne, domin kowane buhun fulawa da kowace tukunya sai an hau da su sama, kowace shara kuma sai an sauko da ita. Sai an bi hanyar hayaƙi sannan hikimar take fitowa.

A saman kowane murhun da ake suya ko gashi a kansa akwai rumfar ƙarfe mai zuƙe hayaƙi, wadda ke haɗe da bututu, shi kuma ya kai ga fanka a waje. Abin da ke bi ta wannan bututu ya wuce hayaƙi, akwai maiƙo da ke tashi cikin tururi ya daskare a jikin ƙarfen. Idan ya taru, bututun ya zama makamashi, kuma harshen wuta ɗaya daga kasko yana iya kunna shi tun daga kicin har rufi. Shi ya sa ƙa'idar da galibin hukumomin Amurka ke bi, wadda ake kira NFPA 96, ta tanadi cewa a yi bututun da ƙarfe mai kauri, a yi masa walda yadda ko ɗigon mai ba zai fita ba, a bar tazarar inci 18, kimanin santimita 46, tsakaninsa da duk abin da ke cin wuta sai fa idan an naɗe shi da kariya ta musamman, sannan a sa masa ƙofofin da mai shara zai buɗe ya kankare maiƙon.

A sabon gini ana barin ramin wannan bututu tun a takarda. A tsohon gini sai an huda. Da an ajiye kicin mai murhuna da dama a hawan ƙasa, da kowane bututu sai ya ratsa benaye biyu, ya cinye fili a kowane hawa, a kewaye shi da bango mai jure wuta, kuma duk lanƙwasar da ya yi domin kauce wa ginshiƙi ko katakon tarihi wuri ne da maiƙo zai kwanta. Idan kicin na ƙarƙashin rufi, tafiyar gajeriya ce kuma miƙaƙƙiya. Lifta tana magance hawa da kaya a kan kuɗin da bai kai na huda benaye ba, kuma ko ba don kaya ba sai an sa ta, tun da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 1990 ta wajabta wa makarantun Amurka su samar da hanyar da mai keken guragu zai kai ga aji.

Akwai kashi na biyu na lissafin da waɗanda ba su san aikin ba sukan manta. Duk iskar da fanka ta fitar sai an mayar da gurbinta. Idan ba a tanadi hanyar shigo da sabuwar iska ba, ginin zai nemo ta da kansa: ƙofofi su yi nauyin buɗewa, iska ta riƙa kutsowa ta tagogi da ƙarƙashin ƙofa, harshen wutar gas ya riƙa rawa, kuma, mafi haɗari, hayaƙin na'urar dafa ruwa ya iya juyowa cikin ɗaki da gubar da ba ta da wari. Saboda haka kowane bututun fita yana da ɗan'uwa na shigowa, mai girma kusan kamarsa, da injin da zai tace iskar ya dumama ta ko ya sanyaya. Dukkansu suna buƙatar wurin zama, kuma hukumomin adana tarihi ba sa son ganin injuna a kan rufin da ake hange daga titi.

Hatta man girki ya canza tsarin kicin. Lokacin da gidajen abinci suka bar kitsen dabba suka koma man tsirrai, suka kuma sami tukwanen suya masu riƙe zafi, sai aka gano cewa garin kashe gobara na da ba ya hana wutar mai sake tashi. Daga 1994 aka kawo sabon ma'auni, UL 300, wanda ya sa aka koma ga ruwan sinadarin da ke haɗuwa da mai ya zama kumfa irin ta sabulu, ya rufe shi har ya huce. Kawunan fesa wannan ruwa suna rataye a cikin rumfar, kowanne yana kallon murhu ɗaya, kuma idan suka tashi sukan katse gas nan take. Ma'anar wannan ga mai zayyana ita ce ba a jan murhu daga nan zuwa can yadda ake jan tebur. Inda aka dasa shi ranar farko, nan zai zauna har sai an sake tsarin kashe gobarar.

Ruwa ba ya hawa tudu

Bayan hayaƙi sai ruwa. Daɓen kicin na sana'a ana wanke shi ne da tiyo, don haka dole ya ɗan karkata zuwa rariya, kuma bututun da ke ƙarƙashi yana buƙatar gangara ta kusan santimita biyu a kowace mita. A gini mai tsawon mita 120 wannan ƙaramin lissafi yana zama babba: bututun da ya yi tafiyar mita 30 ya sauka fiye da rabin mita. Ko dai a rataye shi a ƙarƙashin bene, ya ɓata silin ɗakin da ke ƙasa, ko a ɗaga sabon daɓe a kan tsohon a ɓoye bututun a tsakani. Ɗaga daɓe kuma yana jawo nasa rigingimun, domin ƙofofi sun gajarce, matakalar bene ta ƙarshe ta saɓa da 'yan uwanta, kuma an ƙara wa ginin nauyi.

Ruwan wanke-wanke ba ya shiga magudanar gari kai tsaye. Sai ya bi ta tarkon maiƙo, wani akwati da ruwa ke tsayawa a ciki har mai ya taso sama a kwashe. Wari yake yi, kuma motar kwasa tana buƙatar isa gare shi, saboda haka wurinsa yana bayan gini ne, kusa da ƙofar sauke kaya da wurin shara. Wannan kusurwa da babu wanda ke ɗaukarta a hoto ita ce ke tsara zirga-zirgar ginin duka. Ɗanyen nama da kayan lambu suna shigowa ta nan, su wuce ɗakin sanyi da ake riƙewa a digiri 5 ko ƙasa da haka, su isa wurin yanka da wanki, sannan murhu, sannan teburin ci. Kwanukan da aka ci a ciki da shara suna komawa ta wata hanya dabam. Inda hanyoyin biyu suka gitta juna, nan cuta ke samun ƙofa.

Tsohon bango shi ma yana da ra'ayi game da ruwa. Dutse mai laushi da farar ƙasar da aka ɗaure shi da ita suna shan laima su fitar da ita. Masu duba tsafta kuwa suna son bangon da ke kusa da abinci ya zama sumul, marar rami, mai wankuwa. Idan aka shafe tsohon dutse da siminti ko fenti mai toshewa domin a gamsar da su, laimar ta maƙale a ciki, gishiri ya taru, fuskar dutsen ta fara ɓarewa bayan 'yan shekaru. Hanyar da masana suka fi amincewa da ita ita ce a janye aikin daga jikin bangon: a jera murhuna da tebura a tsakiyar ɗaki kamar tsibirai, ko a tsayar da sabon bango mai tayil a gaban tsohon, a bar iska tana bi a tsakaninsu.

A batun nauyi Greystone ya shigo da sa'a. Murhun sana'a na ƙarfen zubi, da tandar burodi mai hawa-hawa, da ɗakin sanyi cike da kaya, sukan fi ƙarfin benen gidan zama ko ofis. Amma wannan gini an yi shi ne domin ɗaukar gangunan da ke cike da ruwa, kuma benayensa na cikin na farko-farko a Amurka da aka zuba da kankare mai rodi a ciki, aikin injiniya Ernest Ransome, wanda ya yi rajistar murɗaɗɗen rodi a 1884. Wannan na cikin dalilan da ke sa tsofaffin masana'antu da ma'ajiyoyi suka fi fadoji da gidajen zama sauƙin karɓar kicin: benayensu suna da ƙarfi, ɗakunansu manya ne, kuma babu zanen ado a bango da za a ji tsoron tururi ya lalata.

Bangon da ba shi da rodi

Ƙarfin ɗaukar nauyi daga sama dabam, ƙarfin jure girgiza daga gefe dabam. Bangon dutse ko na bulo da babu ƙarfe a cikinsa yana iya tsayawa shekara ɗari, amma idan ƙasa ta kaɗa shi sai ya rabu da bene da rufi ya faɗa waje. Kalifoniya ta san wannan da jinin mutanenta, kuma a 1986 ta yi dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomin yankunan da suka fi haɗari su ƙidaya irin waɗannan gine-gine su fito da shirin rage haɗarinsu. Gyaran da aka saba yi shi ne a ɗaure bango da bene da ƙusoshin ƙarfe masu ratsawa, a ƙarfafa rufi ya zama faranti ɗaya, a kuma tsayar da firam na ƙarfe ko bangon kankare a ciki domin su karɓi girgizar. Greystone ya sami gyaran girgizar ƙasa kafin a buɗe shi, kuma girgizar da ta afka wa kudancin Napa a Agustan 2014, wadda ta farfasa tsofaffin gine-gine a tsakiyar birnin Napa, ta tuna wa yankin dalilin kashe irin wannan kuɗi.

A nan ne mai zayyana ke haɗuwa da mai adana tarihi. Ƙa'idoji goma da ma'aikatar harkokin cikin gida ta Amurka ta shimfiɗa kan gyaran gine-ginen tarihi sun ginu ne a kan tunani mai sauƙin faɗa: a taɓa tsohon abu kaɗan gwargwadon iko, a bar sabon abu ya nuna cewa sabo ne, kuma a yi shi yadda idan an cire shi wata rana ginin zai koma yadda yake. Wannan ne ya sa a irin waɗannan wurare ake ganin ƙarfe da gilashi tsirara a gefen tsohon dutse, ba tare da an yi musu kwalliyar tsufa ba. Mutane da yawa suna ɗauka salo ne kawai, alhali ƙa'ida ce ta gaskiya ga mai kallo.

Sai dai sanya gini cikin kundin tarihi na tarayya ba ya hana mai shi rushe shi da kuɗin aljihunsa. Kariyar da ke da haƙora tana fitowa ne daga dokokin jiha da na gari, ko kuma idan kuɗin tarayya ko izininta sun shiga aikin. Kalifoniya ta ƙara da kundin gini na musamman ga gine-ginen tarihi, wanda ke ba injiniya damar cimma tsaro ta wata hanya idan bin ƙa'idar sabon gini zai lalata abin da ake son karewa. Ba don irin wannan sassauci ba, da yawancin tsofaffin gine-gine sun fi riba a rushe.

Kicin da ake koyo a cikinsa

Kicin ɗin gidan abinci an tsara shi ne domin sauri: mutum ɗaya a kan gashi, wani a kan miya, wani a kan kayan zaƙi, kowa a ƙuntataccen wuri yadda hannunsa zai kai ga komai. A makaranta ɗalibai goma sha shida ko ashirin suna iya yin abu ɗaya a lokaci ɗaya, kowa na buƙatar murhunsa da allon yankansa, kuma malami yana buƙatar ganin hannun kowa daga inda yake tsaye. Ɗalibi sabon shiga da wuƙa a hannu da tukunyar mai a gefe yana bukatar hanya mai faɗi fiye da ta ƙwararre. Ginshiƙin da ya tare wa malami gani matsalar tsaro ce.

A Greystone an bar hawa na uku a buɗe, babu bangayen da ke raba aji da aji, kuma maimakon ƙarfe mai ƙyalli da aka saba gani ko'ina a kicin na sana'a, an yi amfani da dutse da tayil da katako a wurare da dama. A ɓangaren burodi da kayan zaƙi akwai dogayen tebura na dutsen giranit da na katakon oak. Wannan zaɓi yana da dalili na aiki, domin dutse yana riƙe sanyi, kuma kwaɓin da aka ninke da man shanu yana lalacewa idan man ya narke kafin ya shiga tanda, kamar yadda cakulan ke son ɗakin da bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba. Katako kuma ya fi dacewa da murɗa kwaɓin burodi.

Buɗaɗɗen fili yana da farashi. Ɗalibi yana ganin abin da ajin maƙwabta ke yi, ginin kuma ya riƙe girmansa na asali, amma dutse da tayil ba sa shanye sauti, kuma ƙarar fankoki da tukwane da muryoyin malamai da dama a ɗaki ɗaya tana gajiyar da kunne. Kayan da ke rage amo galibi masu laushi ne, su kuma masu laushi suna shan maiƙo. Har yau wannan na cikin matsalolin da zayyanar kicin ba ta warware da kyau ba. Domin darasin da ake so kowa ya ji ya kuma gani, an keɓe zauren nuni mai kujeru 125 da aka jera hawa-hawa, wanda ya ratsa hawa biyu na farko na ginin.

Ba Greystone ne karon farko da makarantar ta zauna a gidan wasu ba. An kafa ta a 1946 a New Haven domin koya wa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu sana'a, sannan a 1970 ta sayi tsohuwar makarantar horar da limaman Jesuit da ke Hyde Park a jihar New York, ta koma can a 1972. Ɗakin ibadar wurin, da dogon rufinsa da tagoginsa masu launi, ya zama zauren cin abinci. Zaɓin ya nuna wata dabara da ake maimaitawa: ɗakin da ya fi ado a ba shi aikin da ba ya fitar da tururi, a tura murhuna ɗakunan da ba su da abin asara.

Haka lamarin yake a Italiya, inda makarantar ALMA ke zaune tun 2004 a fadar Colorno kusa da Parma, wadda sarakunan gidan Farnese da na Bourbon suka zauna a ciki. Wani ɓangare na harabar ya shafe kusan ƙarni yana zaman asibitin masu taɓin hankali, kuma a 1969 ɗaliban likitanci sun mamaye asibitin na makonni domin nuna adawa da yadda ake tsare marasa lafiya, shekaru tara kafin dokar 1978 da ta rufe irin waɗannan asibitoci a ƙasar. Gyaran gini yakan zaɓi tarihin da zai haskaka, kuma zamanin sarakuna ya fi zamanin ɗakunan kulle sauƙin tallatawa ga ɗalibin da zai biya kuɗin makaranta.

Wa ke biya

Hujjar muhalli tana goyon bayan gyara. Siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa, kuma bangon da aka riga aka gina ya biya nasa bashin tun tuni. Sai dai kicin na sana'a yana cikin wuraren da suka fi shan makamashi a kowace murabba'in mita, mafi yawa saboda iskar da ake dumamawa ko sanyayawa sannan a zuƙe ta a watsar waje. Murhun lantarki mai dumama tukunya da maganaɗisu yana rage zafin ɗaki, amma yana buƙatar manyan wayoyi da taransifoma, waɗanda su ma sai an nemo musu hanya a cikin bangon dutse.

A Amurka gwamnatin tarayya tana ba da rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran ginin tarihi da ke kawo kuɗin shiga. Rangwamen yana amfanar wanda ke biyan haraji ne, ita kuwa makarantar da ba ta neman riba ta fi dogara da masu ba da gudummawa da rance da kuɗin ɗalibai. Ana iya karanta wannan a jikin ƙofofin Greystone, inda zauren nunin ke ɗauke da sunan Ecolab, kamfanin da ke sayar wa gidajen abinci kayan tsafta, wasu ɗakunan kuma sunayen attajirai da kamfanonin abinci. Babu laifi a cikin hakan a doka, amma kamfanin da ya ba makaranta tanda ko murhu ya san cewa kukun da ya koyi aiki a kansu zai neme su ranar da ya buɗe nasa wurin.

Sauran nauyin yana sauka a kan ɗalibi, a sana'ar da albashin farawa bai taka kara ya karya ba. San Francisco ta ga inda wannan ke kaiwa idan makaranta ta zama haja. California Culinary Academy, wadda aka kafa a 1977, ta yi shekaru a California Hall, kyakkyawan zauren da al'ummar Jamusawan birnin suka gina a 1912, kuma ginin ya taimaka wajen jawo ɗalibai. Bayan kamfanin Career Education Corporation ya saye ta a 1999, tsofaffin ɗalibai sun kai ƙara suna zargin an yaudare su game da samun aiki da albashi, sun fita da bashin da aikin kicin ba zai biya ba. An sasanta a kan dala miliyan 40 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A Disambar 2015 ya sanar da rufe makarantunsa 16 masu ɗauke da sunan Le Cordon Bleu a faɗin Amurka, har da ta San Francisco, kuma zuwa 2017 an kulle su duka.